Gishiri Takwas, Sukari Biyu

Ƴan'uwana masu karatun manya, da ku sikuris da ungozomomi na ƙauyukanmu, ga labarin tafiyar da na yi Birnin Ƙonni a ƙarshen bazara, shekara biyu bayan babban fari. Horo na kwana shida anka kira mu. Kwana ɗaya na yi, na komo a guje. Akwai kunya a cikin dalilin, amma zan faɗe shi.

Lahadi: daga gida zuwa Badagishiri

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita gida, jaka a kafaɗa, kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, a aljihu. Sunana Nomau, ni ne sikuris na garinmu, wato mai riƙe da akwatin magani. Allo na yi tun ina yaro. Boko kuwa sai da furfura ta fito na shiga lakwal, wato makarantar manya.

Kafin in kama hanya na tsaya ƙofar Arzika, maƙwabcina, wanda muke zama benci ɗaya a lakwal. Na miƙa mishi takarda guda da na yage daga kaye.

Ga dalilin takardar. Ranar Asabar da la'asar Buba, Bafulatanin da rugarsu ke arewa da rijiyar gari, ya kawo mini ɗiyarshi Dije, mai shekara ɗaya da wata biyu. Zawo ya kama ta tun safe. Ƙunshin garin da ake ba mu na haɗa ruwan zawo saura ɗaya tak a akwatina, na haɗa mata shi. Amma ruwan ba ya wuce yini da kwana. Sai na tuna bara, a horon da anka yi mana a Illela, an rubuta mana a tabulo, wato babban allon bango, yadda ake haɗa shi a gida, da gishiri da sukarin kwali a litir ɗaya na ruwa. Ban taɓa haɗawa ba, don ƙunshi bai taɓa yanke mini ba. Na buɗe kaye na kwafe layi biyun a tsanake.

Na ce, "Arzika, in gari ya waye ka tahi ruga, ka karanta ma uwar Dije wannan. Lambar gishiri ɗiba ce da yatsu uku, lambar sukari ƙwaya ce. Kullum a haɗa sabo har in komo."

"To, likita."

"Ban da wasa. Abin da ke rubuce shi za ka faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Kai dai tahi kada mota ta bar ka. Ka riƙo mini goro."

Kilomita goma sha biyu ne daga garinmu zuwa Badagishiri. Na samu amalanken jaki na wani mai albasa, munka yi sallah a bakin ƙorama, wadda a lokacin yashi ne zalla. Bakwai da minti goma munka shiga gari.

Badagishiri zuwa Ƙonni

Motar da na samu irin mai rumfar nan ce ta baya. Jika guda, wato sefa dubu, anka karɓa. Sai goma saura minti ashirin ta cika, da mu da buhunan albasa da raguna biyu. A Gidan Idar jandarma sunka sauke mu, kowa ya nuna katinshi. Na nuna nawa da takardar kira, jandarman ya ce, "A, likitan ƙauye ne. Hau." Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Wajen kilomita saba'in ne zuwa Tsarnawa, inda hanyarmu ke haɗuwa da babbar hanya. Nan ƴan duwan, wato kwastan, sunka duba kaya. Saura goma sha biyar zuwa Ƙonni, munka isa ɗaya da kwata. An sauke mu a wasu ɗakuna biyu bayan likita, wato asibiti, maza ɗaya mata ɗaya, kowa da tabarmarshi. Mu ashirin da wani abu ne, daga ƙasar Illela da ta Malbaza da ta Ƙonni. Da yamma na ci shinkafa da wake wurin wata mata da ta tambaye ni ko da sefa zan biya ko da naira. Na saya wa Arzika goronshi. Na yi barci lafiya lau, ban san komi ba.

Litinin: ɗakin horo

Mai horar da mu Madam Rabi ce, ungozomar likita da ta zo daga Tawa. Ƙarfe takwas ta fara. Ta nuna mana sikelin da ake ratayawa a reshe, mai ɗan wando da ake sa yaro a ciki. Ta nuna mana igiyar awon damtse, mai ja da rawaya da kore. Ta ce kowane gari zai koma da nashi, da hotuna na nuna wa mata yadda ake dama kunu da ƙuli-ƙuli don yaron da anka yaye.

Wajen ƙarfe goma da rabi ta zo kan zawo. Ta ce, "Wa zai tuna mana yadda ake haɗa ruwan a gida in babu ƙunshi?"

Mafi yawan mutanen ɗakin ba su karatu. Na ɗaga hannu, na miƙe, na buɗe kayena yadda kowa zai gani. Na karanta da ƙarfi: "Ruwa litir ɗaya. Gishiri takwas. Sukari biyu."

Wata tsohuwar ungozoma daga Dogarawa, Iya Gwamma, ta leƙo ni ta ce, "Ɗan nan, daga ina kake?"

"Daga ƙasar Badagishiri, Iya."

"Ai ko! Lalle ka ba da gishiri!"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Wani ya ce wannan ba magani ba ne, jiƙon fata ne. Madam ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kayen ta duba, ta juya ta rubuta a tabulo: gishiri da sukari a sama, biyu ƙarƙashin gishiri, takwas ƙarƙashin sukari.

Ta ce, "Malam Nomau, juyawa ka yi. Ba komi, don haka munka taru. Ka dai taɓa ba wani yaro haka?"

Na ce, "Madam, in an ba yaro haka, mi ke faruwa?"

Ta dube ni da kyau. "Yaro mai zawo jikinshi ya riga ya bushe. Gishirin nan zai janye ɗan ruwan da ya rage. Ƙishirwa ta kama shi, uwa ta ga shina sha da sauri, ta ji daɗi ta ƙara mishi. Daga nan sai jijjiga. Wa ka ba?"

Na faɗi. Na ce tun jiya da safe, kuma na gargaɗi mai karantawa kada ya ƙara kada ya rage.

Dariya ta mutu. Iya Gwamma ta ɗora hannu biyu a ka.

Madam ta ja ni buro, wato ofis. Ta nemi likitar Badagishiri a waya har sau biyu, layi bai shiga ba. Ta zuba mini ƙunshi a ƙaramin kwali, ta rubuta takarda da Faransanci ta buga hatimi.

"Ka zubar da duk abin da ka tarar an haɗa. Nono tukuna da ruwa zalla, sannan ƙunshi, cokali-cokali. In ka same ta tana sanƙarewa, ko ba ta farkawa, kada ka tsaya komi, ku ɗauke ta sai likita. Ka ji?"

"Na ji, Madam."

"Tahi. Sikelinka zai same ka."

A ƙofa Iya Gwamma ta cusa mini ƙullin dabino a aljihu. Ta ce, "Ka yafe mini bakina, ɗana. Allah shi sa ka tarar da alheri."

Ƙonni zuwa Tsarnawa

Sha ɗaya da minti ashirin na isa tasha. Motar Tawa mutum huɗu ne a ciki. Na tambayi direba yaushe za a tashi, ya ce in ta cika. A garinmu an san ni da haƙuri. Ni ake aikawa rabon faɗa a bakin rijiya, don in zauna yini guda ban ɗaga murya ba. Ran nan na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Na ga motar Malbaza tana shirin fita, na shiga, na ce a aje ni Tsarnawa.

Sha biyu da minti goma na sauka a mararraba. Rana ta tsaya tsaka. Duk motar da ta karya arewa a cike take, har bisa rumfa. Na zauna gindin wata bedi kusa da shingen jandarma, na buɗe kaye ina kallon layi biyun nan. Hannuna ne. Harufa daidai, babu kuskure ko ɗaya. To yaya anka yi?

Wata babbar mota ta tsaya a shinge, na kama karanta lambarta don in raba kaina da tunani. Sai na kama idona yana farawa daga dama. Nan na gane. Kalmar boko dole ka bi ta daga hagu, in ba haka ba ba ta ba da ma'ana, shi ya sa na kwafi gishiri da sukari daidai. Amma lamba ba ta gardama. A Illela idona ya koma yadda ya saba a allo, ya fara ɗaukar ta dama, wato takwas. Hannuna kuma ya yi yadda malamin lakwal ya koya mishi, ya aje ta a hagu, ƙarƙashin gishiri. Shekara guda tana kwance a kayena tana jiran Dije.

Jandarman da ke shinge ya yafuto ni. Wani dogo ne, Hausarshi ta ɗan karkace.

"Baba, mi ne cikin kwali?"

"Magani ne, ranka shi daɗe."

Ya buɗe, ya girgiza ƙunshi ɗaya kusa da kunne. "Farin gari. Daga hayin iyaka ka shigo da shi?"

Na miƙa takardar Madam. Ya karanta a hankali, leɓenshi na motsi. Ya sake karantawa. Ni ban san abin da ta rubuta ba har yau.

"Ɗiyarka ce?"

"Ɗiyar maƙwabci ce. Amma ni na yi kuskuren."

Ya maida mini takarda, ya koma tsakiyar hanya ya tsaya. Ɗaya da minti talatin da biyar wata kamiyo, babbar motar kaya, ta taho daga Malbaza da lodin siminti za ta Tawa. Ya busa usur, ya yi magana da direba, ya juyo ya ce, "Hau gaba."

Tsarnawa zuwa Badagishiri

Direban wani ƙato ne mai yawan magana. Ya ce, "Tunda nake tuƙi, yau ne jandarma ya tsaida ni ya ƙara mini kaya maimakon ya rage." Da ya ji labari sai ya taka mota. Amma siminti siminti ne. A hawa sai ka ga jaki na iya wuce mu.

A Gidan Idar munka tsaya azahar. Na yi sallah, ban iya cewa ga abin da na karanta ba. Abin da ke zuwa mini kawai shi ne maganar Madam, cewa uwa za ta ga tana sha da sauri ta ji daɗi. Ina ganin uwar Dije tana miƙa cokali tana sa mini albarka.

Gabas ta yi baƙi tun muna Gidan Idar. Ba mu yi nisa ba iska ta taso, ruwan farko na shekara ya sauko da ƙarfi. Direba ya tsaya gefen hanya don tamfol ya yaye a baya.

Na ce, "Don Allah, maigida."

Ya ce, "Baba, in simintin nan ya jiƙe, dutse zan kai Tawa. Sauko ka kama mini igiya, sai mu fi sauri."

Munka ɗaure cikin ruwa, minti ashirin. Mutane a gonakin bakin hanya suna ta murna, yara suna tsalle. Ni ban taɓa ƙin ruwan sama ba sai ran nan, Allah shi gafarta mini, don na san ƙoramarmu.

Huɗu da minti biyar ya sauke ni Badagishiri. Na sa hannu aljihu, ya ture hannun. Na wuce likita kai tsaye, na tambayi majo, babban ma'aikacin wurin, ko an kawo wata ƴar ruga daga wajenmu. Ya ce tun jiya babu. Na fito ban san ko in gode ko in yi kuka ba. Wanda ya samu sauƙi ba a kawo shi. Wanda ya riga ya tafi ma ba a kawo shi.

Badagishiri zuwa gida

Babu amalanke, kowa ya tafi gona. Huɗu da minti ashirin na kama hanya a ƙasa, kwali a ka, takalma a hannu saboda laka.

A kilomita na bakwai na ji ƙoramar kafin in gan ta. Inda munka yi sallah jiya bisa yashi, yanzu jan ruwa ne ke gudu da rassa da kara. Na tarar da mutum biyu zaune suna jira. Na fara naɗe wando, babban cikinsu ya riƙe mini riga.

"Ina za ka? Ba ka ga ta ɗauke akuya yanzu ba?"

"Yarinya ce ba lafiya."

"In ta tahi da kai, wa zai kai maganin? Zauna."

Ya kafa kara a bakin ruwa, munka zuba mishi ido. Minti arba'in na yi ina kallon karan nan. Ruwa ya ja da baya taki ɗaya, ya sake ja. Da ya sauka kamu biyu, mutumin ya ce mu shiga, mu riƙe juna, kada kowa ya dubi ruwa, a dubi hayi. Ruwa ya kawo mini ƙirji. Sau ɗaya yashi ya zame ƙarƙashin ƙafata, na ji sun fizgo ni. Takalmi ɗaya ya tafi, kwali bai jiƙe ba.

Sauran kilomita biyar ban san yadda na yi su ba. Rana na gab da faɗuwa na hango gari. Maƙabartarmu tana yamma, hanya ta gefenta take bi. Sai na ga maza wajen goma suna fitowa daga wannan gefen, kayan haƙa a kafaɗa, ƙafafu duk laka, ba mai magana. Na aje kwali na tsuguna.

Na gaba ya gane ni. "A'a, Nomau? Ba kana Ƙonni ba?"

"Wa anka rasa?"

"Rasa mi? Shuka munka yi, mun gaji. Lafiya kake kuwa?"

Sai a lokacin na ga sungumi ne a kafaɗunsu. Na ɗauki kwali na yanke ta bayan gari zuwa ruga.

Ruga

Shanu sun dawo, ana tatsa. Buba ya tare ni da mamaki. Uwar Dije na zaune ƙofar bukka da yarinyar a cinya, ga kwano a rufe da faifai, ga cokali. Arzika na gefe bisa turmi.

Ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi ba. Na fizge kwanon na kai baki.

Zaƙi na ji. Gishiri kaɗan ne, can ƙasa.

Na dubi Dije. Ta rame, idanu sun ɗan faɗa, amma tana kallona, tana jan zanen uwarta. Na ja fatar cikinta na saki, ta koma. Na tambaya ko ta yi fitsari, uwar ta ce sau uku yau, zawon ma ya rage.

Na ce, "Arzika, nawa kuke sawa?"

"Abin da ka rubuta mana. Gishiri biyu, sukari takwas."

"Kawo takardar. Karanta ina gani."

Ya fiddo ta daga hula, ya ɗora yatsa a hagu yana haɗa baƙi. "Gi-shi-ri. Su-ka-ri." Sannan yatsan ya sauko layi na biyu, ya tsallaka can dama. "Biyu. Takwas." Ya ɗago kai. "Mi kuma? Na sake farawa ta dama ko? Kai dai kullum sai ka yi mini dariya a lakwal kan wannan. To ai ma'ana ta fito."

Na zauna a ƙasa cikin laka. Wata uku ina zaune kusa da mutumin nan ina buge mishi yatsa, ina cewa hagu, Arzika, hagu. Da ya ji maganata, da abin da na rubuta zai karanta.

Ina iya yin shiru, babu wanda zai sani. Amma takardar tana nan, kuma gobe wani mai karatu daidai zai iya ɗaukarta. Na faɗa musu duka, a gaban Buba da matarshi. Arzika ya bar dariya, ya riƙe takardar nesa da jikinshi.

Buba ya karɓi ɗiyarshi daga hannun uwar, ya rungume ta, yana kallon ƙafata mai takalmi ɗaya.

"Daga Ƙonni ka taso yau?"

"Daga Ƙonni."

"Ka ci abinci?"

"A'a."

Ya yi wa matar magana da Fulatanci, ta kawo ƙwaryar madara mai ɗumi. Ya ce, "Sha. In ka gama ka ƙone takardar nan a wutarmu, ina gani."

Na sha, na ƙone ta. Na yage ta cikin kaye ita ma na jefa. Na haɗa ƙunshi sabo, Dije ta sha cokali bakwai ta yi barci a kafaɗar ubanta. Ana kiran isha'i na shiga gida.

Bayan sati biyu sikeli da igiyar damtse da hotuna sunka iso ta hannun majo. Madam ta haɗo da saƙo cewa tun ran nan ta bar rubuta lamba ƙarƙashin kalma. Yanzu a gefenta take sa ta, kuma ba mai fita ɗakinta sai ya karanta mata abin da ya kwafa, ya haɗa, ya ɗanɗana. Ku ma ku buɗe kayenku yau ku ba wani ya karanta muku. Dije ce ta fara shiga wandon sikelin, ta yi ta ihu har rijiya ana ji.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya komo da ni. Ina gode wa Madam Rabi da Iya Gwamma, da jandarman Tsarnawa, da direban siminti, da mutum biyun ƙorama waɗanda ban tambayi sunansu ba. Arzika ya samu goronshi, a jiƙe. Malamin lakwal na nan na fama da yatsanshi, kuma dole a gyara shi. Ni dai na bar yi mishi dariya.